Yadda Na Saka Sunan Alhaji a Faifan Turawa

Zan iya manta lambar ɗakina na farko a Paris, zan iya manta sunayen rabin malaman da suka koyar da ni, amma ba zan taɓa mantawa da wata ranar Lahadi a Sevran ba. Ranar ce aka tara dattawa, na miƙa musu abin kunyata da hannu biyu, aka kunna shi a rediyo, har da ganga da jita.

Lokacin ina karatun digiri na biyu a Paris, a shekarun da faifan sidi ya fara tsufa amma bai mutu ba. Daga Zariya na zo, ina zaune a wani ɗaki a unguwar Belleville wanda in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Duk Lahadi kuwa sai in sa kaftanina mai guga, in hau jirgin ƙasa na RER B zuwa Sevran, gidan Alhaji Lawali, hawa na tara. Alhaji mutumin Maraɗi ne, ya yi shekara talatin yana tuƙa manya a wani ofishin jakadanci kafin ya yi ritaya. Yana da 'ya, Mariyama, tana karatun haɗa magunguna. Ba sai na yi muku dogon bayani ba, kun san ba don son jirgin ƙasa nake wannan zirga-zirgar ba.

Mariyama ta amince da ni tun tuni. Abin da ya rage shi ne Alhaji ya ce in turo magabatana, kuma wata bakwai ke nan bai ce e ba, bai ce a'a ba. In an taɓo maganar sai ya gyara hula ya ce, "Bon, muna dubawa." Ni kuwa duk abin da mai neman aure ke yi na yi. Na durƙusa na gaishe shi har gwiwoyina suka haddace kafet ɗin falon. Na ci tuwon matarsa, Hajiya Baraka, ina santi da ƙarfi don a jiyo daga kicin. Na yi dariya a duk inda ya kamata a yi. Amma a idon Alhaji ni ɗan lekwal ne kawai, wato ɗan makaranta mai jaka a baya, wanda ba a san abin da zai zama ba. Abin yana ci mini rai, kuma kullum ina neman abin da zai ɗaga ni a wurinsa ko da taku ɗaya ne.

Sai ga Mathieu. Ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwajen da nake bincikena, dogo, gashi har kafaɗa, ba ya wuce teburi bai kaɗa shi da yatsu ba. Ashe shi ne mai ganga a wata ƙungiyar kiɗan rok ta mutum huɗu, 'yan Lyon (ba zan faɗi sunanta ba, na san halinku, yanzu sai ku tafi nema). Wata rana ya ji ni ina 'yar waƙa ƙasa-ƙasa ina wanke kwalabe, sai ya tambaye ni ko ni mawaƙi ne a ƙasarmu.

Amsar gaskiya kalma ɗaya ce, a'a. Iyakar tarihina a waƙa shi ne amshi a Islamiyya, shi ma malam yakan ce in rage murya. Amma Bature ne ke tambaya, Zariya kuma da nisa, wa zai je ya bincika? Sai na yi murmushi irin na wanda aka gano shi, na ce, "Ana ɗan taɓawa. A unguwarmu ba a biki sai da ni." (Wannan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ni ke jera kujeru.)

Mathieu ya kusa rungume ni. Ya ce suna naɗar faifansu na biyu a wani situdiyo a Lyon, akwai waƙa ɗaya da kiɗanta ya kammala amma sun rasa abin da za su ɗora a kai, ko zan zo in sa murya da yarenmu? Kafin ya rufe baki na amsa. A hanyata ta komawa gida kuma wata dabara ta faɗo mini, wadda a lokacin na ɗauka tun da aka fara neman aure ba a taɓa yin irinta ba.

Kun san a wajenmu ba abin da ke fasa kan babban mutum kamar a ambaci sunansa a waƙa. Alhaji ya shekara talatin yana buɗe wa mutane ƙofar mota, yana saka musu kaset ɗin da ake wasa su a ciki, shi kuwa ba wanda ya taɓa cewa ko "Lawali" a bakin kalangu. To ni zan saka sunansa, ba ma a kaset ɗin kasuwa ba, a faifan Turawa.

Lahadin da ta biyo na faɗa masa bayan an ci abinci. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Waƙa? Mi za ni yi da waƙa, ni da tsuhwana?"

Na ce ai ba waƙar banza ba ce, yabo ne na mutunci, don Turawa su san mu ma muna da dattawa. Ya kurɓi shayi. Har na fara tunanin na yi ɓaram-ɓarama, sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "In ka tashi, Lawali ɗan Abdu za ka ce. Kar ka mance da sunan tsohona." Ranar har bakin lif ya raka ni, abin da bai taɓa yi ba.

Mako biyu na yi ina tsara baitoci a bayan littafin bincikena. Na rera su a banɗaki, inda kowa mawaƙi ne, na ji sun yi. Ranar wata Asabar na hau jirgin safe zuwa Lyon cikin babbar riga da hula zanna, don in yi kama da abin da na ce ni ne. Wata tsohuwa da ke kujerar kusa da ni ta tambaye ni ko ni jakada ne. Na ce mata a'a, mawaƙi, kuma na ji kalmar ta zauna a bakina daram.

Situdiyon yana ƙarƙashin wani tsohon gini, an lulluɓe bangonsa da soso. Mai kula da na'urori wata mata ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta ba ni takarda na sa hannu, ta nuna mini wani ɗan ɗaki mai tagar gilashi da makirufo a tsakiya, sannan ta yi mini bayanin ƙa'idar aikinta: muddin akwai mutum a cikin ɗakin nan, ba ta kashe na'ura, domin a cewarta mutane sun fi yin abin kirki in sun manta ana ɗauka. Na ji ta sarai, Faransancina ya kai nan. Na gyaɗa kai irin na wanda ya gaji da shiga situdiyo, alhali hankalina yana kan yadda rigata ta fito a gilashi.

Aka sa mini abin ji a kunne, wani ƙas-ƙas-ƙas yana bugawa kamar agogo, wai shi zan bi. Ni a sanina mawaƙi ke gaba, makaɗi na bin sa. A nan na'ura ce gaba, kuma ba ta san girman kowa ba. In na shiga da wuri matar ta ɗaga yatsa, "A sake." In na makara, "A sake." In na dace da lokaci, sai muryar ta kama hanyarta daban. Ban taɓa jin muryata tsirara a kunnena ba sai ranar, kuma a nan na gane malamin Islamiyyarmu mutum ne mai haƙuri ƙwarai. Sau goma sha huɗu muka yi. Ta gilashi ina hango mai jita ya kifa kai a gwiwa, Mathieu kuma yana ta ɗaga mini babban yatsa, irin ɗagawar da ake wa majinyaci. Da na ga ba ci, sai na bar rerawa na koma kirari da magana: Lawali ɗan Abdu, mijin Baraka, mai tuƙi ba gargada, da sauransu. Wannan kam na ji ya ɗan fito.

Sha biyu da rabi na bugawa suka ce a tafi cin abinci (Bafaranshe ko gobara ake yi sai ya ci abincin rana). Na ce su je, zan zauna in yi nazarin baitocina. Gaskiyar ita ce kunya ta hana ni zama teburi ɗaya da mai jitar nan. Ina zaune a ɗan ɗakin, na cire hula ina fifita, sai wayata ta yi ƙara. Yaya Binta ce daga Zariya, babbar yayarmu, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, wadda kuma ba na ɓoye mata komai. Muka gaisa yadda ake gaisawa, ta tambayi karatu, ta tambayi sanyi, sannan ta gangaro kan maganar auren. Ni kuwa ga gajiya, ga takaici, ga ɗaki shiru ba kowa, a ganina kuma duk mai jin Hausa da ya san ni yana can nisan awa biyu a jirgi. Sai na saki baki. Mun fi minti goma muna hira, makirufon yana daidai haɓata.

Da suka dawo muka ƙara gwadawa sau biyu, matar ta ce ya isa haka. Na koma Paris da yamma ina lallashin kaina cewa ai na'ura tana gyara komai.

Bayan kamar wata guda Mathieu ya tare ni a ɗakin gwaje-gwaje, idonsa har ƙyalli yake. "Taka ta fi kowace kyau a faifan," in ji shi. "Rerawar mun ajiye ta, kar ka ji haushi. Inda kake magana muka ɗauka. Akwai kiɗa a cikin maganarku, ni bin ka kawai na yi da ganga. Wai me kake cewa ne a ciki? Muna so mu rubuta a bayan faifan."

Na ce a raina, to, kirarin nan ne. Na gaya masa yabo ne ga wani babban mutum da iyalinsa. Ya rubuta a tafin hannunsa. Ya ce akwai sunan da suka ji ya fito sosai, Lawali, shi za su sa wa waƙar. Sannan ya zaro abin ji daga aljihu ya ce in saurara kafin a kai wajen bugawa.

A nan ne fa, jama'a, Allah Ya buɗe mini ƙofar fita, ni kuma na sa ƙafa na rufe ta. Na ɗaga hannu na ce a al'adarmu wanda aka yaba shi ke fara ji, ko mawaƙin ba ya saurara kafin shi. Babu wannan al'adar a ko'ina, a tsaye a wurin na ƙirƙire ta. Tsoron sake jin muryar nan tawa ne kawai. Mathieu ya dafa ƙirji ya ce bai taɓa jin al'ada mai kyau irin wannan ba.

Watanni suka wuce, faifan ya fito. Ya kawo mini nawa a cikin ledarsa, ba a buɗe ba. Na juya bayansa, ga shi nan lamba ta bakwai, Lawali, a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe an rubuta da Faransanci cewa yabo ne ga wani babban mutum da iyalinsa. Na kira Alhaji cike da murna. Ya ce, kamar abin bai dame shi ba, in taho da shi ranar Lahadi.

Na zaci mu kaɗai ne. Ina fitowa daga lif na ga takalma a ƙofa har sun hau kan juna. Ashe Alhaji ya gayyato abokansa na masallaci, da tsoffin direbobi biyu, da wani Malam Idi mai sayar da turare a unguwar Porte de la Chapelle, wanda in ya ji magana da safe kafin azahar ta isa Maraɗi. Mata suna ɗakin ciki, an bar ƙofa a buɗe don su ma su ji. Alhaji ya sha sabuwar farar shadda, yana ta ƙamshi. Aka kawo tuwo da miyar kuka, na ci, na yi santina, na ɗaga murya na ce a ƙaro kamar kullum. Ban rufe baki ba Alhaji ya ce in miƙo faifan, ya kasa jira a kwashe kwanuka.

Da hannu biyu ya karɓa. Ya sa tabarau, ya bi sunansa da yatsa, ya miƙa aka zagaya da shi kowa ya gani. Ya yage ledar da kansa, ya saka faifan a babbar rediyon da ke kan kabad kusa da kujerarsa. Ni ina can ƙasa a ƙarshen kafet, dattawa shida tsakanina da ita. Ya ce a fara daga farko, kar a raina aikin mutane. Waƙar farko ta fashe kamar an zubo kwanuka daga bene. Dattawa suka daure na minti ɗaya, Malam Idi yana ta salati, sannan Mariyama ta shigo ta danna ta kai ta bakwai, ta koma bakin ƙofa ta tsaya tana mini murmushi.

Ganga ta fara a hankali. Sai ga muryata, tar da ita, kamar ina zaune cikin rediyon.

"Salamu alaikum, Yaya. Ina wuni? Lafiya lau. Ya gida? Lafiya lau. Ya yaran? Madalla. Ya zafi? To, alhamdu lillahi. Lafiya lau wallahi."

Duk "lafiya lau" sai ganga ta sauka a kai. Wallahi abin ya yi daɗi. Dattawa suka fara gyaɗa kai, wani tsoho har yana amsa wa rediyon, "Lahiya lau, lahiya lau." Ni ma na ɗan jima ina murmushi, ina mamakin yaushe na sa gaisuwa a cikin kirarin. Sai kalmar "Yaya" ta sauka a ƙwaƙwalwata. Ashe wayar da muka yi da Yaya Binta suka ɗauka.

"Wa? Alhaji Lawali?" in ji rediyo.

Alhaji ya gyara zama, ya dubi abokansa ɗaya bayan ɗaya.

"Yana nan, Yaya. Wata bakwai yana juya ni kamar waina, kullum muna dubawa, muna dubawa. Ban san me yake dubawa ba, ko injin mota ya ɗauke ni. Ga labari ɗaya gare shi tal, ranar da ya tuƙa minista cikin ƙanƙara har Geneva. Na ji shi ya fi sau talatin, kullum sai na buɗe baki na ce 'Kai, Alhaji!' kamar yau na fara ji."

Ɗaya daga cikin tsoffin direbobin ya yi wani tari wanda ba tari ba ne. (Daga baya na gane shi tun kafin a haife ni yake jin labarin.) Na yunƙura zan tashi, ashe ƙafata ta mutu don zaman ƙasa. Na dafa kafaɗar Malam Idi, na yi taku ɗaya, na durƙushe. Alhaji ya ɗora tafinsa a kan rediyon.

"Zamna," ya ce. "Waƙata ta. Bari ta ƙare."

Na zauna. Rediyo ta ci gaba da tona mini asiri.

"Abinci? Hmm, Yaya, kar ki tono wannan. Miyar Hajiya, ina jin kukar tun zuwansu Faransa take cikin akwati. Ba gishiri, ba daddawa, wai likita ya hana Alhaji. Rufe ido nake ina haɗiya kamar magani, in gama in ce a ƙaro."

Da yake Mathieu da abokansa ba su san abin da nake cewa ba, kunnensu kawai suka bi, kuma wannan jimlar ce ta fi yi musu daɗi. Ita suka mayar amshi. Haɗiya kamar magani, in ce a ƙaro. Ganga. Haɗiya kamar magani, in ce a ƙaro. Sau huɗu, na ƙarshen har da amsa-kuwwa, a ƙaro, ƙaro, ƙaro.

Na ɗaga kai. Hajiya Baraka tana tsaye a ƙofar kicin, riƙe da kwanon ƙarin da na roƙa ɗazu. Ta sunkuya ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, kada ya yi ƙara, ta juya ta koma ciki. Duk abin da ya faru a ranar, wannan ne har yau in na tuna nake jin zafi a ƙirji. Matar nan tun safe take tsaye a kan tukunya.

Rediyo ba ta gama da ni ba. Ganga ta lafa, muryata ta yi ƙasa, na ji kaina ina cewa, "Amma fa Yaya, maganar gaskiya..." Sai jita ta ɓarke da wani ihu, ta yi minti biyu tana kururuwa, waƙa ta ƙare.

Alhaji ya kashe rediyo. Mariyama ta ɓace daga bakin ƙofa. Na duba kafet ko akwai ramin da zan shige, babu.

"Wallahi Alhaji akwai ci gaba," na ce. "Na faɗi alheri bayan nan. Jitar ce ta danne."

"Ikon Allah," in ji Malam Idi. "Jita kuma ta san inda za ta shigo."

Alhaji ya cire tabarau ya ninke. "Bon. Ka ce amma. Yanzu ba jita. Hwaɗi sauran mu jiya."

Na yi ta lalube ko zan sami kalmomi masu ado irin na kirari, ko ɗaya ba ta zo ba. Sai na faɗi abin da na gaya wa Yaya Binta, yadda na faɗe shi. Na ce tun da na zo ƙasar nan, ba inda nake zama in ji ni ma ɗan wani ne sai gidan nan. Na ce tun rasuwar mahaifiyata ba wadda ta tsaya a kaina ta ce sai na cinye, in ba Hajiya ba. Na ce ina son Mariyama (a gaban ubanta na faɗi haka, kunya ta riga ta ƙare), amma ko an hana ni ita, ina roƙon kada a hana ni zuwa ranar Lahadi. Ina faɗa hawaye na zuba, ni da gemuna, a gaban direbobi.

Alhaji ya dubi agogo ya ce la'asar ta yi. Aka yi sahu, na tsaya a ƙarshe kusa da ƙofa, ana sallamewa na lalubi takalmina na zare jiki.

Ranar Litinin na fassara wa Mathieu waƙarsa jimla bayan jimla. Ya yi ja har kunne, ya ce, "Amma kai ka ce mini yabo ne!" Faifan kuwa ya riga ya shiga shaguna. Malam Idi shi ma bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ranar Laraba ina cin abinci a wani ɗan shago a Belleville, wani mutumin garin Tawa da ban taɓa gani ba ya tsaya a kaina, ya dubi farantina, ya ce, "Malam, a ƙaro?"

Mariyama ta yi kwana goma ba ta ɗauki wayata ba. Ranar da ta ɗauka ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Franchement, gaskiya na Baba bai dame ni ba, mu ma mun haddace Geneva. Amma Mama ta zubar da hawaye. Garin miyar nan da ka raina, ƙanwarta ke aiko mata daga Maraɗi, ɓoye shi take sai Lahadi. Don kai."

Sai na ce zan sa Yaya ta aiko da sabuwar kuka da daddawa mai kyau, in kai wa Hajiya don ban haƙuri. (E, na san abin da kuke tunani. Mai digiri ne ya faɗi haka.)

"T'es sérieux? Da gaske kake? Kayan miya za ka kai wa Mama? So kake a jeho ka ta taga? Ka zo haka nan, ka durƙusa, ka rufe bakin nan naka in ba haƙuri za ka bayar ba."

Lahadi ta uku na tafi hannu rabbana. Alhaji ne ya buɗe ƙofa. Ya amsa sallamata, ya nuna mini kicin da haɓa. Na durƙusa a bakin ƙofar. Hajiya tana tuƙa tuwo, ta ba ni baya. Na ba da haƙuri, na sake bayarwa, na kuma, har na rasa sabuwar kalma. Ta bar ni a nan sai da ta kwashe tuwon tas, malmala bayan malmala. Sannan ta ɗauki ɗaya, ta zuba miya, ta ajiye a gabana nan ƙasa. Na yi bismilla na ci. Miyar tana nan yadda na san ta, ba a ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Na cinye, na suɗe kwano, na buɗe baki bisa sabo, sai ta ɗaga muciya.

"In ka ce a ƙaro, da wagga muciya za ni ƙara maka."

Na mayar da bakina na rufe. Ta juya wajen Alhaji da ke tsaye a bayana, ta yi magana kamar ba na wurin.

"Alhaji, ka ce mishi shi turo mutanenshi. Yaron da ya kusa shekara shina cin abin da ba ya so, bai taɓa barin loma ba, shi ka iya zama da ɗiyarka. Ka san halinta."

Daga ɗakin ciki Mariyama ta ce, "Mama!"

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce an ji, amma da sharaɗi guda: ranar biki kada wanda ya ba ni makirufo. Na amsa da sauri kafin ya canza shawara. Ban san lokacin da na fara dariya ba, hawaye na bin ta, ina durƙushe a ƙofar kicin da hannun miya.

An yi bikin, ba a ba ni makirufo ba, kowa ya ce an yi taro lafiya. Ƙungiyar su Mathieu ta watse bayan 'yan shekaru, kuma Allah Ya gani ban yi baƙin ciki yadda ya kamata aboki ya yi ba.

Za ku zaci daga ranar na daina gulma. Ina fa, ɗan Adam ne ni, kuma ina da waya. Abin da dai na koya shi ne tsari. Yanzu in Yaya Binta ta kira ta tambaye ni labarin wani, da alherinsa nake farawa, in zube shi duka tun da wuri, sannan in gangaro kan sauran a hankali. Ba ka san inda za a yanke ka a sa jita ba.